Rigar Kaka Armand a Kan Ƙanƙara

Ku yi mini afuwa, ni karatu kawai na sani, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi tuntuɓe a hanya, ku kau da kai.

Tun shigowar hunturu ƙungiyar hokin garinmu, can arewacin Quebec a ƙasar Kanada, take shan kashi. Hoki wasa ne da ake buga ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara. Kocinsu shi ne Réjean Bellavance, mahaifin Marjolaine. Mai ƙungiyar ya faɗa a rediyo cewa wasan Lahadi zai nuna masa inda ciwon yake, kowa kuma ya san ba a korar 'yan wasa gaba ɗaya, mutum ɗaya ake kora. Marjolaine ta riga ta ga kwalayen da babanta ya ɓoye a gareji. In aikin ya tafi, barin garin za su yi.

Ran Lahadi da safe ta raka kakanta Armand shan kofi a shagon Gaétan, suka tarar da gardamar da ta cinye garin. Gaétan yana tsame dankali daga mai yana cewa yaran ba su da laifi, koci ne yake canja su kamar mai canja safa. Kaka ya ce wane yara, mai tsaron ragar nan ko firji ka harba masa sai ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa.

"Tsoho, ɗanka ne, dole ka kare shi," in ji Gaétan.

"Kai dai soya dankalinka. Har ka yi gemu sai ka dafa kujera kake iya tsayuwa a kan ƙanƙara."

Aka kwashe da dariya. Marjolaine ko kurɓa ɗaya ba ta iya yi ba.

Da rana filin ya cika maƙil. Kafin zagaye na ƙarshe ƙungiyar baƙi ta yi wa 'yan garinmu ruwan ƙwallaye, jama'a suka fara rera "a kore shi". Babanta yana tsaye bayan bencin 'yan wasa, hannu a harɗe, ko motsi ba ya yi. Ita kuwa addu'a take yi a ci ko ɗaya, ɗaya tak, a samu abin faɗa wa mai ƙungiyar.

Sai ta ga Kaka yana kiciniyar tuɓe rigarsa, tsohuwar rigar da ya buga wa ƙungiyar wasa da ita yana saurayi. A garinmu in mutum ya jefa riga kan ƙanƙara, ya gama zagin ƙungiya.

Ta riƙe masa hannu. "Kaka, don Allah, kada ka yi."

"Sake ni, 'yar nan. Ragwayen yaran nan nake so su ji kunya, a san ba ubanki ne ya gaza ba."

Ta tuna abin da shi ya manta. Tsohon ya wurga rigar ta saman gilashin da ya kewaye filin wasan. Rigar ta faɗi ruf da ciki, bayanta a sama, ga sunan gidansu da manyan haruffa: BELLAVANCE.

Filin ya ɓarke da ihu. Aka hasko rigar a babban allo, aka hasko Kaka da singileti. Daga can ƙasa muryar Gaétan ta taso, wai to ga shi, uban da ya haifi kocin ma ya sallama shi. Kaka yana ta kaɗa hannu yana rantsuwa ba haka yake nufi ba, babu mai jin sa.

Wani ɗan wasa ya ɗago rigar da bakin sandarsa. Babanta ya kalle ta, ya ɗaga kai ya nemo kujerunsu, ya daɗe yana kallon mahaifinsa. Can sama mai ƙungiyar ya miƙe, ya gyara kwat, ya nufi matakalar da ke sauka ɗakin 'yan wasa.

Marjolaine ta ja hular rigar sanyinta ta rufe fuska. Ta raɓa ta bayan mutane ta sulale ta ƙofar gefe, tun kafin wani ya tuna sunan nan nata ne ita ma.