Tsarabar Ƙasa

Insam, saiwar maganin nan mai tsada da Turawa ke kira ginseng, ba ta zama sau biyu a wuri ɗaya. Shekara shida saiwar take yi a ƙarƙashin baƙar rumfa ana lallaɓa ta kamar jaririya, ranar da aka tone ta kuwa, ƙasar ta yi fushi ke nan. Ka sake shukawa, ta ruɓe tun ba ta kai kaurin yatsa ba. Shi ya sa mazan garinmu na Geumsan ba sa zaman gida, kullum suna bin ƙasar da ba ta taɓa ganin insam ba. Yayana Sun-gil ya fi kowa nisan kiwo. Ya yi Hongcheon, ya yi Yeoncheon can bakin iyaka, har na daina tambayar inda yake.

Gona ɗaya ce tasa ta kansa, wadda ke bayan gida. Ita suka fara shukawa da matarsa Ok-bun suna ango da amarya, suka tone ta shekarar da aka yaye 'yarsu Da-som. Tun daga nan sai wake da barkono ake sa mata, wai ana jira ta huce.

Da-som tana 'yar mitsitsiya ta tambaye ni me ya sa babanta ba ya kwana a gida. Na ce ƙasarmu ce ta ƙi abin da yake shukawa. Ta turo baki ta ce to ita za ta lallashe ta. Muka yi dariya, ashe yarinya da gaske take. Ta je jami'a ta karanta ilimin ƙasa da na tsirrai, ta dawo ta kama aiki a ɗakin gwaji na ofishin gona. Ni dai na so ta yi aikin da ake dawowa gida da farce mai tsabta, amma wa ya tambaye ni?

Bayan rasuwar Ok-bun gwiwoyin Yaya suka gaza, likita ya hana shi tuƙi mai nisa. Sai ya ce to, zai dawo da insam bayan gida, ita ce shukarsa ta ƙarshe, kuma yana so ya riƙa ganinta daga ƙofar ɗaki. Tun da bazara ya binne iri a yashi mai danshi, safe da yamma yana shayarwa don su buɗe baki. Irin da ya buɗe baki kuwa ba ya jiran kowa: ko ya shiga ƙasa kafin sanyi, ko ya lalace.

Da-som ta zo da dogon ƙarfenta na haƙo ƙasa tana sossoka gonar. Yaya yana zaune a kan kwandon da ya kifa, yana yi mata tsiya.

"Dakta, a yi mata allura a hankali, tsohuwa ce."

"Baba, kai ma layinka na zuwa."

"Shekara talatin da ɗoriya tana hutu. Ko gwaggonki ba ta huta haka ba."

Na ce, "Yaya, ka fita harkata."

Da kaka ta fara shigowa, ina kicin ina barbaɗa wa kabeji gishiri, sai ga Da-som da ɗan kasko a hannu. Ba ta shiga wurin babanta ba, wurina ta yo. Ta zare tsiron insam da ta gwada a ƙasar gonar ta nuna mini. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi.

"Gwaggo, ƙwayar cutar tana nan da ƙarfinta kamar bara aka tone insam a wurin. Bai kamata ba. Sannan ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Nan jar laka, can yashi-yashi, can wata mai tsakuwa da babu irinta a kwarin nan. Wani ne yake zubo ta."

Ni kuwa na san ko wane ne.

Ok-bun ba ta taɓa zuwa gonakin nesa ba, tana gida da yarinya da surukai. Wata shekara ta yi masa gori, wai mijin kowa yana dawowa da tsaraba, nata sai da wanki. Da ya tone gonar Hongcheon sai ya cika buhu da ƙasar wurin ya dire mata a tsakar gida don tsokana. Ita kuwa ta ja buhun zuwa bayan gida ta zazzage, ta taka da ƙafa, ta ce, "To, yau na je Hongcheon." Shi ke nan ya zama al'ada. Duk gonar da ya tone, buhu ɗaya na Ok-bun ne. Ko na ƙarshe, da ta riga ta rasu, sai da ya kawo ya zazzage shi kaɗai.

Da-som ta zauna a ƙasa. "Na ɗauka taki ne," in ji ta. "Ina ganin buhunan, na ɗauka taki ne."

Na ce, "Ki gaya masa akwai cuta, ki ja bakinki. Zancen buhu ya mutu a kicin ɗin nan."

"Ba zai yarda ba, Gwaggo. Zai ce injinmu ne ya yi ƙarya, don ya san shekarun da ta huta. Zai shuka, ya yi shekara biyu yana murna, a ta uku ya riƙa tono ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya."

"Sai ki ce masa da hannunsa ya kashe gonar? Abin da aka koya miki ke nan?"

Idonta ya kawo ruwa. Haushinta na ji, na kuma ji tausayinta, domin gaskiya ta faɗa kuma na sani.

Da safe muka same shi a gonar yana auna inda zai kafa sandunan rumfa. Ta miƙa masa tsiron. Ya murza saiwar, ya kai hanci. Wanda ya ƙare rayuwarsa a insam ba ya buƙatar a gaya masa wannan warin.

"Daga ina?"

"Daga nan, Baba."

"Ba zai yiwu ba."

"Buhunan Mama ne. Duk ƙasar da aka tone insam a cikinta tana ɗauke da cutar. Duk lokacin da gonar ta fara warkewa sai sabuwa ta iso."

Na zaci zai yi faɗa, don faɗa ba ya yi masa wuya. Sai ya tambaya da ƙaramar murya ko akwai magani. Ta ce akwai: a yi mata kunya a cika ta da ruwa, a yi shinkafa shekara huɗu ko biyar, ruwan zai rage cutar, sannan a gyara ta a shuka.

"Sannan shida a kai," in ji shi. "Dakta, ai kin yi lissafi a makaranta. Shekarata saba'in da shida."

Ya daɗe yana duban ƙasa, can ya ce, "Kina iya bambance ƙasar kowane buhu?"

Ta kama hannunsa suka shiga gonar a hankali saboda gwiwarsa. Ta durƙusa ta ɗebo wata ja ta zuba masa a tafi. Ya ce Hongcheon ce, ta farko. Ta ɗebo mai tsakuwa. Ya ce Yeoncheon, shekarar da Da-som ta karye a hannu bai samu zuwa ba. Haka suka bi gonar lungu-lungu, tana faɗin irin ƙasar, yana faɗin garin da abin da ya wuce shi a gida a wannan shekarar. Ni ina bakin kunya ina share hanci da gefen riga.

Da suka dawo ya nufi inda ya binne iri, ya yaye buhun da ya rufe yashin. Duk sun buɗe baki, fari tas.

"A wurin aikinku kuna neman irin insam da ba ta ruɓewa, ko?"

"Muna nema, Baba. Ba mu samu ba tukuna. Yana iya ɗaukar shekaru."

"To kwashe su duka. Ki shuka su a kaskonki, a ƙasar uwarki. In akwai mai taurin kai a ciki irin gwaggonki, za ta nuna kanta."

Ban rama ba. Ya ɗauko shebur da wani tsohon buhu, ya bi gonar yana ɗibar kaɗan daga kowane wuri har ya cika. Da-som ta miƙa hannu za ta karɓa ya ture ta. Da kansa ya ja shi, yana ɗingishi, har bayan motarta.

Shekara da shekaru nake ganin Yaya yana shigo da ƙasa gidan nan. Ranar ce kaɗai na ga ya fitar da ita.