Bargo a Kan Kabeji

Yayana Douwe ya haura shekara saba'in bai taɓa riƙe shebur ba. Duk ƙuruciyarsa a kan ruwa ya ƙarar da ita, yana tuƙa jirgin dakon yashi, in ka tambaye shi daga ina dankali yake fitowa sai ya ce daga kwandon Renske. Renske matarsa ce. Ita ke da lambun bayan gida, amma tun da ciwo ya kwantar da ita ciyawa ta cinye wurin, har ta rasu a ƙarshen sanyin bara.

A danginmu, Lahadin farko bayan raɓa ta daskare, gidan Renske ake haɗuwa. Ta kirɓa dankali da kabejin manoma, wato mai dogon kara wanda ganyensa ba ya dunƙulewa, ta ɗora kyafaffen nama, kowa ya ci har ya sassauta ɗamara. Da Douwe ya tsinci sauran irin kabejinta a cikin kwalbar jam, sai ya rantse bana ma za a ci, kuma daga lambun nan.

Na sha kallo. Ya tsige dashen farko da hannunsa wai ciyawa ce, ya bar ainihin ciyawar yana yi mata ban ruwa safe da yamma. Na biyu dodon koɗi suka yi walima da shi. Shi kuwa ba ya iya kashe su, sai ya tsince su a bokiti, ya hau keke ya kai su ƙetaren gada, su kuma ko 'yan'uwansu su dawo. A karo na uku ya juye kwalbar kaf, ya ja igiya ya jera layi kamar mai ɗaure jirgi. Da koyo akan iya. Kafin kaka ta ƙare kabeji ya kai masa gwiwa, kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta kan shinge.

Ranar da rediyo ya ce raɓa za ta daskare, na hau kekena da la'asar na nufi gidansa, da niyyar mu tsara wa zai kawo nama ranar Lahadi. Ina zagayawa baya na yi turus. Kowane layi an lulluɓe shi, nan bargo, can labulen falo, an danne gefe da bulo. Kabejin da ke kusurwa kuwa tsohuwar rigar sanyin Renske aka sa masa. Ga Douwe tsaye a tsakiyar layukan.

Ni dai bakina ba ya da linzami.

“Yaya, asibiti ka buɗe ban sani ba? Ko zazzaɓi suke yi?”

“Hiske, ki shiga ciki, akwai kofi a kan wuta.”

“Kofi ya jira. Ko jaririn garin nan ya san sai sanyi ya ciji kabeji yake daɗi. In ka hana shi, ɗaci za ka ba mu ranar Lahadi. Haba matuƙin jirgi! Ka bar wa masu ƙasa ƙasarsu.”

Bai yi dariya ba. Ya duƙa yana gyara wani bulo da ba ya bukatar gyara.

“Kin ɗauka ban sani ba ne? Shekara nawa ina jin Renske tana faɗa.”

“To, meye na bargo?”

“In sanyi ya taɓa shi dole a yanka. In an yanka a cinye. Kwalbar kuma babu komai ciki, Hiske. Iyakar abin da hannunta ya taɓa ke nan.”

Nan tausayinsa ya kama ni, da kunyar tsiyar da na gama yi masa. Na tuna shi ne yake goya ni a bayan keke zuwa makaranta, yau ga shi tsaye cikin kabeji kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

Na ce, “Yaya, kai a zatonka daga ina irin ya shiga kwalbar?”

“Daga kanti mana.”

“Wane kanti? Renske da ko zare ba ta saya in za ta iya warwarar tsohuwar safa? Biyu take bari a kusurwa, ba ta yanka su. Su sha sanyi su miƙe, watan Mayu su yi fure, su ba ta iri. Kai lokacin kana can kana gardama da masu buɗe wa jirage gada.”

Ya ɗago kai a hankali. “Furen wane iri ne?”

“Rawaya, ƙanana.”

Ya juya yana kallon rigar da ke kusurwa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, na rasa dariya ce ko kuka, ashe duka biyun ne.

“Duk watan Mayu sai ta ɗaura min su da zare in zan koma jirgi. In sa a kofi gaban sitiyari, ina yi wa abokan aiki fankama wai matata har lambun fure take yi mini. Ashe kabeji matar nan take ba ni!”

“Ai daidai da kai ta zaɓa,” na ce, ina share nawa idon.

Shi ya fara ɗaga bulo. Muka naɗe barguna, na riƙe baki ɗaya ya riƙe ɗaya, yana yi mini faɗa wai ban iya ninki ba. Rigar ita ce ta ƙarshe, ita kam bai bar ni na taɓa ba. Ya kakkaɓe ta, ya rataya a hannu, ya nuna mini kabejin kusurwa da na kusa da shi.

“Waɗannan biyun, ki gaya wa 'ya'yanki, wanda ya kai musu wuƙa ni da shi ne.”

Da muka shiga kicin, kafin ya zuba mini kofi sai da ya ɗauko kwalbar jam ɗin ya wanke ta, ya kife a taga ta bushe.