Lambar Waya a Gindin Kwali

Ni na ce ya rubuta, wannan ba zan musa ba. Masu zuwa jaje suna ta ce min ƙaddara ce. Na ji, ƙaddarar ce, amma da ƙafata na taka har shagon ƙanena na zube masa kwalaye ashirin a kan benci.

Auta muke ce masa, ko da yake ya haura arba'in, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Mai fenti ne. Allon shago, allon makaranta, rubutun bayan mota, duk abin da ake yi da buroshi. Bai iya ciniki ba, bai iya noma ba, hannun damansa shi ne abincin gidansa. Ni kuma tela ce, kekena yana ƙofar ɗaki, kuma tun muna yara ni ce mai baki a gidanmu.

Ruwa ne ya haɗa mu. Shekara uku famfon unguwarmu ko tari ba ya yi. Rannan aka wayi gari da alluna a kafe, fari da shuɗi, an rubuta AN KAMMALA RIJIYAR BURTSATSE. Ka zagaya bayan allon, babu komai sai ciyawa da kashin awaki. Goma sha bakwai muka ƙirga a faɗin gari. Ina ganin na farko na gane aikin, domin ba wanda yake lanƙwasa wutsiyar harafi irin ta Auta.

Na same shi a shago yana dama fenti.

"Kai yanzu ko kunya ba ka ji ba?"

"Yaya, aiki aka kawo min. Wani mutum ya zo daga ofishin Shugaban ƙaramar hukuma da takarda, ya ce rubuta kaza. Ni haƙa rijiya nake yi?"

"Matarka da wane ruwa take wanke maka wannan ƙazamar rigar? Da na allon?"

Ya ci gaba da juya sanda a cikin gwangwani. Haka yake tun yana ƙarami, in na taso masa sai ya sunkuyar da kai ya jira in gaji. Ban gaji ba. Na gaya masa mu matan unguwa mun yanke shawarar zuwa ofishin Shugaba ranar Talata da jarkokinmu, kuma tunda ya iya rubuta ƙarya da kyau, sai ya rubuta mana gaskiya da kyau.

"Yaya, mutanen nan ba su da kirki."

"Mata ne za su je, ba kai ba. Kai rubutu kawai."

Masu fenti suna da wata ɗabi'a. Duk allon da suka gama, sai sun sa ɗan sunan shago da lambar waya a ƙasa, can gefen dama, ƙanana. Ita ce tallarsu, ba su da wata. A allunan hukuma mutumin ofis ya hana shi sawa. A namu ba wanda ya hana shi. Da na je karɓa na ga lambar a gindin kowane kwali, ƙarƙashin INA RIJIYOYINMU da ALLO BA YA KASHE ƘISHI, dariya ma na yi.

"Har a nan sai ka yi talla?"

"Wallahi ban ma lura ba, Yaya. Hannun ne, in bai sa ba ji yake bai gama ba."

Na gani da idona, na yi dariya, na kwashe kwalayen na tafi.

Ranar Talata da hantsi mun kai mu ɗari biyu a bakin ƙofar ofishin. Kowacce da jarkarta babu ko ɗigo, muna bugawa da tafin hannu. Ungozoma tana gefena, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ita ce riƙe da takardar da muka rubuta wa Shugaba. Abu biyu muka nema, a nuna mana rijiya ko guda, ko a fito a faɗa mana inda suka tafi. 'Yan sanda biyu ne a ƙofar. Can na ga ɗaya ya amsa waya, ya taɓa kafaɗar ɗan'uwansa, suka shige ciki suka ja ƙofa.

Motoci biyu buɗaɗɗun baya suka shigo ta bayanmu. 'Yan banga ne, ɗauke da gora da adda da guntayen rodi. Ba su ce mu watse ba, ba su ce komai ba, duka kawai suka fara. Na ga an sheme wata mai goyo da gora a gadon baya, ta juya ta rufe ɗanta da jikinta. Na ga an ja wata da ɗankwalinta a ƙasa har zanenta ya kwance. Jarkoki suna ta fashewa ƙarƙashin takalma. Ungozoma ta ɗaga takardar sama, kamar takardar ce za ta kare ta, wani ya sauke mata rodi a goshi. Ta zauna daɓas, jini ya rufe mata ido, takardar tana hannunta.

Na yi kansa da jarka, ina zaginsa da uwarsa da ubansa. Ban san wanda ya kwashe min ƙafa ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, wayata a tarwatse gefena, takalmin wani a kan wuyana. Na ɗaga ido na ga mai takalmin, wani mai tabo daga leɓe har kunne, da alama shi ne babbansu. Ya sunkuya ya ɗauki kwalina, ya karanta, ya karkata kai.

"Rubutu mai kyau," ya ce. "Wannan ba aikin mata ba ne."

Sai idonsa ya sauka ƙasa, gefen dama. Ya zaro waya ya danna, ya buɗe murya yadda yaransa za su ji. Ya sassauta harshe kamar mutumin kirki.

"Salamu alaikum, mai fenti ne? Aiki ne da ni, babba. Ina shagon yake?"

Na ji muryar ƙanena, cike da murna.

"Ranka ya daɗe, ka san gidan man da ke bakin kasuwa? Ka bi ta bayansa, za ka ga mai faci, to ƙofa ta biyu. Akwai allo ja a sama, ba za ka ɓata ba."

Na buɗe baki na ƙwala kiran sunansa. Mai tabon ya ɗauke ƙafa daga wuyana ya buga min ita a baki. Na ji haƙora sun zubo kan harshena. Ya ce a waya, "To madalla, ga mu nan," suka ɗare mota ɗaya su shida suka tafi.

Ban haddace lambar Auta ba, a wayata take, wayar kuma ta mutu. Na rarrafa na ɗauki yagaggen kwali, na fizge wayar wata mata da ke kuka a jikin bango, na kwafi lambar daga gindin kwalin. Ya ɗauka. Na ce ya gudu, na ce ya bar shagon, amma bakina cike yake da jini, leɓena ya tsage, ni kaina ban gane abin da ke fita ba.

"Wa ke magana? Yaya, ke ce? Ba na jin ki sosai. Bari zan kira ki, baƙi nake jira."

Ya kashe.

Masu babur uku suka gan ni suka wuce. Na huɗun, Allah ya saka masa, ya tsaya bai tambaye ni komai ba. Ko da muka isa bayan gidan mai, mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, kowa ya harɗe hannu yana kallo. An fasa gwangwanayen fenti, ja da shuɗi da rawaya suna gangarowa har kwata. An karya allunan mutane da bai gama ba. Auta yana durƙushe gaban benci, sun juye masa farin fenti a ka, idanunsa kawai ake gani. Biyu sun danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannun damansa a kan katako. Gudumar da yake kafa alluna da ita tana hannun mai tabo.

"Wa ya ba ka aikin?" in ji mai tabon.

Auta ya gan ni sarai, na ga idonsa ya sauka a kaina. Ya ce, "Wasu mata ne, ban san su ba."

Na kutsa na ce ni ce, ni na sa shi, ni ce yayarsa, ni za su taɓa. Wani ya murɗe min hannu ta baya. Mai tabon ya dube ni ba tare da fushi ba, kuma wannan rashin fushin ya fi komai ba ni tsoro.

"Mun sani, Hajiya. Ke da baki kika yi, kin karɓi naki. Shi da hannu ya yi."

Sau biyar ya sauke gudumar. Na ƙirga, ban san dalili ba. Na farko Auta ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Na uku ya daina ƙara. Da suka sake shi ya sulale ƙasa, hannun ya zauna a kan bencin na ɗan lokaci kafin ya biyo shi. Mai tabon ya ajiye gudumar a inda ya ɗauke ta, ya goge tafinsa da tsumman fenti, suka tafi ba sauri.

A asibiti sai da suka yi awa guda suna wanke fenti da kananzir kafin likita ya ga abin da zai ɗinka. Yatsu uku aka cire. Babban da ƙaramin suka rage, su ma a sandare. Matarsa ta iso, ta dube shi, ta dube ni da bakina a kumbure, ba ta ce min uffan ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ashe mai faci ya ɓuya bayan tayoyi ya ɗauki komai da waya. Kafin kwana biyu hoton ya zagaya ƙasa, aka kafa kwamitin bincike. Ni ban ce wa Auta ya je gaban kwamitin ba, wallahi ban ce ba, bakina ya mutu a gabansa. Shi ya sa riga ya tafi da hannu a naɗe. Ya tsaya gaban manyan mutane ya lissafa wuraren alluna goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka kawo masa takarda, da kamannin wanda ya kawo. Aka dakatar da Shugaba. Mai tabo ya yi mako biyu a tsare, yanzu haka yana yawo a kasuwa, shekaranjiya ma na gan shi yana sayen lemo. Ungozoma ta tashi, amma idonta na hagu bai tashi ba.

An haƙa rijiya uku, ɗaya a bakin layinmu. Ranar da ruwa ya fito mata suka ɗauke ni sama suna kirana jaruma. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ruwan nan haƙƙinmu ne kuma mu muka ƙwato shi. Amma ina sauka na shige ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Wata biyu Auta bai tako gidana ba, ni kuma in na je nasa matarsa takan ce yana barci. Jiya da la'asar ina kan keke sai ga shi ya yi sallama, da buhu a kafaɗar hagu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Na tashi ina ta kame-kame, ina ya zauna, ina in kawo ruwa. Na shirya maganar da zan faɗa masa tun a asibiti, na buɗe baki zan fara.

"Yaya, bar shi," ya ce. "Aiki na kawo miki."

Ya juye buhun a kan tabarma. Rigunansa ne, duka, har da ta aurensa.

"Ki cire min maɓallan, ki yi musu wuya mai faɗi yadda zan zura da kaina. Kullum da safe sai matata ta ɓalla min su kamar yaro, a gaban 'ya'yana."

Na ce to. Na ɗauki reza na jawo ta farko. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masu ɗiban ruwa, ni kuma ina yanke zare, maɓallan suna faɗawa cikin kwano ɗaya bayan ɗaya.