Gurasar Da Ke Ƙasa

Mahaifiyar Nashwa ba ta ƙi Ihab ba, aikinsa ne ya tsaya mata a rai. "Kulle mutane a ɗaki ana tsorata su, wai sana'a ce? Je ki gani da idonki. Abin da kika gaya mini, a kansa zan sa rana."

Don haka ranar Asabar bayan azahar Nashwa ta bar unguwarsu ta Shubra tare da Tahani, 'yar ƙanwar babanta. Ihab ya tarbe su a ƙofar gidan wasan, bakinsa har kunne. Shi ya tsara sabon ɗakin da kansa.

"Labarin wani shehi ne mai cire aljanu, daga baya aljanun suka cinye shi," in ji shi. "Ku nemo makulli ku fito. Ina kallonku ta kyamara."

"Idan amaryarka ta suma, kai za ka ɗauke ta," in ji Tahani. "Ni bayana ciwo yake."

Aka rufe ƙofa. Wari ne ya fara tarbarsu, turaren wuta haɗe da wani abu kamar naman da ya wuni a rana. An shimfiɗa darduma a karkace, an yayyafa mata jan fenti. Carbi ya tsinke, 'ya'yansa sun watse. Daga rufi wata murya take ja kamar karatu, amma an murɗe ta, ba harafi ɗaya mai ma'ana. Duk da haka Nashwa ta ce a ranta wasa ne, ba aya ba ce ta gaske. Za ta iya gaya wa Mama haka.

Tahani kuwa ta duƙufa. Ta zura hannu cikin butar alwala, ta zaro wani guntun ƙarfe yana yauƙi.

"Mijinki ƙazami ne, wallahi. Riƙe mini fitilar, ki daina tsayuwa kamar sandar rake."

Nashwa ta matsa da fitilar, sai ta ga gurasa a ƙasa, rabinta, daidai inda ƙafa za ta taka. Ba ta yi tunani ba. Ta sunkuya ta ɗauka, ta sumbace ta, ta kai goshi, yadda ta taso tana yi. Leɓenta ya ji roba, mai sanyi, mai danƙo, da warin jan baki da gumin wasu.

Nan take wani akwati da ke kusurwa ya buɗe. Wani mutum cikin likkafani ya faɗo yana gurnani. Tahani ta kurma ihu ta maƙale a bango, sannan ta fashe da dariya. Nashwa ba ta ko motsa ba. Bakinta take gogewa da gefen mayafi, tana ƙara gogewa.

Tahani ce ta ƙarasa wasan. Da suka fito, Ihab yana jiransu da shayi.

"Kin ga gurasar? Akwai maɓalli a ƙarƙashinta, shi ke buɗe akwatin. Ba sai na rubuta a ɗauka ba. Duk ɗan Masar da ya shigo sai ya sunkuya, har da masu zanen tatu a hannu. Da yawa sai sun sumbata."

"Kuna wanke ta?" Tahani ta tambaya.

"Wani lokacin." Ya yi dariya ya juyo wajen Nashwa. "Kin san inda na samo dabarar? Wurin Mamanki. Ranar da muka raka ta kasuwa, ta tsaya tsakiyar titi, motoci na ta ham, ta ɗauki ɓawon gurasa ta sumbata ta ajiye gindin bango. Na ce wannan tarko ne da ba ya kuskure."

Nashwa ta kalli kofin shayin. Ba za ta iya kai shi baki ba. Ta tuna yadda Mama ta dafa gwiwa kafin ta miƙe ranar, da Ihab a tsaye yana murmushi. A lokacin ta ɗauka sha'awa ce.

"Ba ki ce komai ba," in ji shi.

"Ina banɗaki?"

Ta wanke bakinta da sabulun hannu har ya yi ɗaci.

A gida ta tarar da Mama tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "To, yaya aikin nasa?"

A kan tebur akwai gurasar safe an lulluɓe da tsumma. Nashwa ta gyara lulluɓin, ko da yake bai goce ba.

"Mama, kada ki sa ranar."

Sai a lokacin Mama ta ɗago. "Tsoro kika ji?"

"A'a," in ji Nashwa. Ta wuce famfo ta sake kurkure baki.