Ɗari da Arba'in a Gonar Jumare

A Kurmin Kogi, in ana gayyar huɗa, ba a tambayar wa zai fara kai ƙarshen kunya. Kowa ya san Inuwa ne. Shekara ashirin da 'yan kai ba wanda ya taɓa shan gabansa da garma. Ba shi da shanu, kekensa ma sai an tura yake tafiya, amma yana da wannan suna, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Mai yi musu kiɗan noma shi ne Tanko, abokin Inuwa tun na yarinta. Ƙa'idar gayya a garin ita ce kowa ya sara tare da ganga, ba mai riga ta, ba mai bari ta wuce shi. Saboda haka wanda ya fi iya ɗebo ƙasa da faɗin taki shi ke wucewa gaba, kuma a wannan fanni Inuwa ba shi da na biyu.

To, a shekarar da soja suka ce kowa ya ɗaure ciki, lokacin da ake bin layi har Ikara don sabulu da madara, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Tanko. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. 'Ya'yansa kuwa tuni suka tafi Kaduna neman abin da za su ci. Damina ta sauka, Jumare mai babbar gona ya kira gayya, ga mutane ga garemani, babu makaɗi.

Ɗan'azumi ne ya kawo shawara a ƙofar gidan mai unguwa. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, wanda shekara uku ke nan yana zuwa na biyu a bayan Inuwa. Ya ce akwai Ilisha ɗan Markus, mai gyaran rediyo a Ikara, yana da wata na'urar kiɗa, ogan mai batir, wadda ke buga ganga da kanta. Da ita yake yi wa matasa kaset ɗin disko, da ita kuma yake kiɗa a coci ranar Lahadi. In an haɗa ta da lasifika, har Malikanchi sai an ji.

Kowa ya ce shawara ta yi. Ban da Inuwa, wanda yake ta kallon Ɗan'azumi ta wutsiyar ido. A ransa ya ce, da walakin goro a miya. Me ya sa duk garin nan, wannan yaron ne ya san da wata ganga maras makaɗi?

Ya koma gida ya gaya wa matarsa Rahmatu. Ita kuwa tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, kai dai ka cika zato. Kaza ta yi tari ka ce da kai take."

"Ke ba ki san samarin yanzu ba," in ji shi. "Inji fa ba ya jin kunyar kowa. Wanda ya riƙe kunnensa, shi zai bi."

Ranar kasuwar Ikara ya je da kansa ya gani. Yana shan kwanar layin masu gyara sai ga Ɗan'azumi yana fitowa daga shagon Ilisha, shi da mai shagon suna dariya har da tafawa. Inuwa ya ja da baya. Ya laɓe bayan wata rumfa har saurayin ya wuce, sannan ya yi sallama.

Ilisha ya miƙe da sauri, ya share benci, ya gaishe shi har ƙasa, ya tambayi gida da damina da jikin Baba Tanko. Wannan ladabin ma bai kwanta wa Inuwa ba, don a ganinsa ya yi yawa. Ilisha ya jawo ogan ɗin, wata 'yar aba doguwa mai fararen haƙora da baƙaƙe, ya danna wani wuri. Nan take ganga ta tashi a cikin shago, dum, dum, dum, ba hannu ba gula.

"Ka ga wannan maɓallin, Baba? Shi ne sauri. In na murɗa shi nan, tamanin, waƙar coci ke nan, tsofaffi su bi a hankali. Nan ɗari da ashirin, a nan 'yan disko suke so. Duk aikin yana wurin zaɓen lambar nan. In ka sa ta ƙasa mutane su yi hamma, in ka sa ta sama su zube kafin a kai rabin waƙa."

"Su zube," in ji Inuwa a hankali.

"Shi ya sa nake so in zo gonarka gobe da agogo. Ka yi mini huɗa na minti ɗaya, in ƙirga saranka."

"Nawa? Duk manoman Kurmin Kogi, sai nawa?"

"An ce in gwada naka, Baba."

"Wa ya ce?"

Ilisha ya sosa ƙeya, ya ce wanda ya gaya masa ya roƙe shi kada ya faɗa.

Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Duk tsawon hanya Inuwa yana tura keke yana haɗa zance a ransa. Za su auna shi ne kamar buhun masara, su san iyakar ƙarfinsa, Ilisha ya kai wa Ɗan'azumi labari cewa tsoho ya ƙare. Ranar gayya kuma a fara a hankali, in an kai tsakiyar gona yaron nan ya sa yatsa ya murɗa, a bar shi a baya yana haki a gaban mata da yara. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a shekarar fari. Shi da kansa ya san gwiwoyinsa sun fara magana, amma wannan sirri ne tsakaninsa da su.

Washegari da hantsi Ilisha ya iso da agogonsa. Inuwa ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙotar garma. A ransa ya ce, labari kuke so, yau za ku samu wanda zai hana ku barci. Ilisha na cewa "bisimilla" ya afka wa ƙasa kamar an ce ana raba ta kyauta. Ya sara, ya juya, ya sara, ƙasa na tashi har bisa kansa. Da minti ya cika ya miƙe tsaye, ya danne numfashinsa, ya yi murmushi, alhali duhu-duhu yake gani.

Ilisha ya dubi agogo, ya dubi tsohon.

"Talatin da biyar. Bugu huɗu ga kowane sara, ɗari da arba'in ke nan. Baba, ko a Kaduna ban taɓa sa wa masu rawa haka ba. Ka tabbata haka kake yi wuni guda?"

"Yau ma ban karya kumallo ba ne."

"Ko mu sake gwadawa, ka yi yadda ka saba?"

Inuwa ya ji kamar an mare shi. Wato bai samu abin da aka aiko shi nema ba, yana so a sake. Ya ce shi ba ya sara sau biyu don agogo, haka ya saba, haka kuma za a sa.

Bai tsaya nan ba. Ranar jajibirin gayya ya sa aka kawo ogan ɗin ƙofar gidan mai unguwa, a gaban dattawa. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma abin da ake murɗawa da yatsa ana iya murɗa shi a ɓoye. Ilisha ya sa lamba a ɗari da arba'in kowa na gani. Inuwa ya fito da guntun kyandir daga aljihu, ya kunna, ya ɗiga a kan maɓallin har ya rufe shi ruf, sannan ya danna babban yatsansa a kai tun bai bushe ba. Ya ce duk wanda ya taɓa, za a gani. Ilisha ya buɗe baki zai yi magana, mai unguwa ya ce ai magana ta ƙare, ogan za ta kwana a zaurensa. Ɗan'azumi yana gefe bai ce uffan ba, kuma Inuwa ya fassara shirun nan da cewa dabara ta watse. Ranar ya ci tuwo malmala uku.

Safiyar gayya aka jera mutum talatin a bakin gonar Jumare. An ɗaure lasifikar coci a reshen ɗorawa, an haɗa ta da batirin mota. Mata sun sauke tukwanen kunu a inuwa. Har Tanko aka ɗauko a amalanke aka jingina shi da gindin bishiyar, don ya ce ko a kwance sai ya ga gayyar bana.

Ilisha ya danna, ganga ta tashi.

Kunya ta farko Inuwa ne a gaba, mata suka rangaɗa guɗa. Ta biyu ma shi ne, amma da ƙyar. A ta uku ya fara gane wani abu. A kiɗan Tanko akwai wurin da mutum ke jan numfashi tsakanin sara da sara, wannan kuwa babu. Ba a ba ka lokacin ka ɗebo ƙasa yadda ya kamata, sai dai ka sara ka wuce, kuma wannan aikin huhu ne, ba na gwaninta ba. Dattawan layin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa inuwa. Samari kuwa abin ya yi musu daɗi, har ihu suke yi.

Inuwa ya ɗaga kai ya hango Ilisha tsaye kan ogan ɗinsa, yana kallonsa da ido mai tausayi, hannunsa a kusa da maɓallin. Kyandir na nan yadda ya ɗiga shi, da shatin yatsansa a kai.

A tsakiyar kunya ta huɗu Ɗan'azumi ya wuce shi. Bai ko waiwaya ba. Sai wani ya wuce, sai wani. Ƙirjin Inuwa ya ɗauki zafi, gwiwa ta ƙi, garma ta kuɓuce daga hannunsa, ya durƙusa a cikin kwari. Gangar ba ta san an yi ba, ta ci gaba da abinta.

Da aka kashe ta don shan kunu, ya taso yana tangaɗi ya nufi gindin ɗorawa, idonsa jawur.

"Ka murɗa! Wallahi ka murɗa!"

"Baba, ga kyandir ɗinka," in ji Ilisha. "Dubi yatsanka."

Ya duba, har ya shafa. Babu ko tsaga.

"To wa ya aiko ka ka auna ni? Faɗi a gaban mutane! Ɗan'azumi ne?"

"Ni rediyon babata na kai gyara, Baba," in ji Ɗan'azumi daga inda yake zaune.

Sai aka ji wata murya daga gindin bishiya, mai nauyi, kalmomin na fita da ƙyar.

"Ni ne, kai wawa."

Tanko ne. Ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa sauran maganar, yawu na zuba ta gefen bakinsa. Ya ce da Ilisha ya zo duba shi, shi ya ce masa kada ya sa lamba da ka, ya je ya ga hannun Inuwa ya bi shi. Ya ce ai shi ma haka yake yi. Ba ya kallon layi, garmar Inuwa yake kallo. In ta yi nauyi sai ya ja kiɗan baya, samari su bi dole, ba wanda ya sani.

Kunya ta rufe Inuwa, ba ta faɗuwar ba, ta abin da ya yi wa yaron mutane da kyandir a gaban dattawa.

"Tun yaushe?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

Tanko ya ɗaga hannun hagu ya buɗe yatsu biyar, ya dunƙule, ya sake buɗe biyu. Shekara bakwai ke nan.

Rahmatu ta miƙo masa ludayin kunu, bai karɓa ba. Ya juya wurin Ilisha ya ce, "Ɗana, ka yafe mini." Ilisha ya ce ba komai, Baba, in yana so yanzu a kankare kyandir ɗin a rage. Inuwa ya girgiza kai, ya ce a bar wa samari, su ya dace da su.

Ya koma cikin gona shi kaɗai, inda garmarsa take kwance a rabin kunya ta huɗu. A Kurmin Kogi ba a barin kunya a rabi, ko da mutum shi ne na ƙarshe. Ya ɗauka, ya sara. Sai ya ji wani ɗan sauti daga gindin ɗorawa, ƙwas. Tanko ne ya kife ƙwaryar kunu a cinyarsa, yana bugawa da hannun hagu. Inuwa ya sake sara a hankali, ƙwaryar ta amsa. Ya dakata ya ja numfashi, ita ma ta dakata.

Shekara da shekaru yana noma a gaban gangar Tanko, sai yau ya ji da kunnensa cewa garmar ce ke fara sauka, kiɗan yana biye. Ya sunkuyar da kai don kada mata su ga fuskarsa, ya ci gaba har ƙarshen kunyar.