Kwalayen Mai Makulli

"Kawar min da wannan abin daga baki!"

Mai Makulli ya kai wa wayar duka, ta suɓuce daga hannun Malamar kwas ta faɗa ƙarƙashin gado. Ta durƙusa tana laluben ta cikin takalma da kwalaben magani. Ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakata, don ba wanda ya ce in zauna.

"Baba, muryarka kawai za mu naɗa," in ji ta, tana goge wayar da gefen mayafi. "Rabin awa ya isa."

"Ban haife ki ba. Ku da kuka iya, me kuka zo nema wurin jahili?"

Tari ya sarƙe shi. 'Yarsa, wadda nas ce, ta tallafo shi ta mayar masa da robar iska a hanci. Da numfashinsa ya dawo, ni ya fara nema da ido.

"Ke ma an aiko ki, Mai Tafireta?"

Shekara goma sha biyar ke nan rabona da tafireta, amma bai taɓa kirana da wani suna ba.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma shekara goma sha bakwai na yi a ƙarƙashinsa a gidan adana tsofaffin takardu. Shi ne mai riƙe da makullin ɗakin ƙasa, inda ake ajiye takardun filaye da na kotu, wasu sun girmi kakanninmu. Layi tara ne na kantoci, kwali sama da dubu huɗu, ba rajista. A jikin kowane kwali akwai harafi da zanen alli, shi kaɗai ya san ma'anarsu. Ka ce masa kana neman shari'ar wata gona ta shekara sittin baya, zai sauka ya dawo da ita kafin ka gama sa hannu. Tun da ya yi ritaya, duk wanda ya zo neman takarda sai mu ce ya dawo wani mako.

Sau uku ana zaɓena zuwa kwas, sau uku yana rubutawa a gefen takardata: "Aiki zai tsaya." Na huɗun ban ma ji labarinsa ba. Sai bayan ya bar aiki, ina share durowar teburinsa, na tarar da wasiƙar gayyata da sunana, an buɗe ta an ninke, ranar ta wuce da shekara shida. Tun daga nan ban sake gaishe shi ba. Shekara biyu ina jin tarinsa ta katanga ina ƙara wa rediyo murya.

Bana aka kawo mana kwas har ofis, na kwana goma, a kan tsara rajista da ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta. Rana ta biyu Malamar ta sauka ɗakin ƙasa, ta dubi allin nan ta riƙe baki. Darakta ya ce ai ni maƙwabciyarsa ce, in raka ta. Abin da ya kai ni ɗakinsa ke nan.

Washegari da safe ina ɗaura takalmi 'yarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Anti, wai ki zo da littafi da biro. Ke kaɗai, ban da mai wayar."

"Ina da aji."

"Da safe kawai yake iya magana. Likita ya ce huhun ya gama, ƙurar takardun nan ce da funfuna. Don Allah, Anti."

Na kira Darakta. "Je ki, je ki mana!" ya ce. "Wannan ya fi ajin muhimmanci."

Na same shi jingine da filo uku, wuyansa ya zama kamar igiya. Ko sannu ban ce masa ba, shi ma bai nema ba.

"Me suka koya miki jiya?"

"Yadda ake raba takardun da ruwa ya manne."

"Yaya ake yi?"

Na faɗa masa yadda Malamar ta nuna mana, da safar hannu da siririn ƙarfe.

"Safar hannu," ya ce, ya taɓe baki. "Wanda bai ji takarda a fatar yatsansa ba yaga ta zai yi. Rubuta."

Awa uku yana faɗa ina rubutawa. Layi na ɗaya: da'ira tana nufin filayen gabas da kogi, zane biyu a kwance kotun ƙasa, harafin kuma shekara. Shafi goma sha ɗaya na cika. Da rana na sauka ɗakin ƙasa da littafin, na sauke kwali mai da'ira. Takardun asibiti ne a ciki. Na sauke wani, na makarantu. Kwali ashirin na buɗe, ko ɗaya bai yi daidai ba.

Ban jira an yi min iso ba na banka ƙofarsa, na jefa masa littafin a cinya.

"Ƙarya ka yi min! Kana kwance kana jiran mutuwa, har yanzu ba ka gaji da mugunta ba?"

"Anti!" in ji 'yar.

Shi kuwa dariya yake, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

"Ashe kin duba. Da mai wayar ce, da ta zuba shi a kwamfuta haka nan, a shekara ɗari ana neman gona a cikin takardun masu ƙyanda."

"Kwana nawa kake da shi da za ka ɓata ɗaya?"

"Nawa ne, ba naki ba."

Na zauna a kujerar robar da ke gefen gadon.

"Na ga wasiƙar," na ce. "A durowa ta ƙasa."

"Na san za ki gani. Da ina so in ɓoye, da ko gara ba ta same ta ba."

"Me na yi maka?"

Ya ɗaga yatsu yana lissafi. "Mutum bakwai na koya wa aikin nan. Duk wanda aka tura kwas, ko ya dawo da takarda ya zama ogana, ko ya wuce wani wuri bai ko waiwayo ba. Wannan Daraktan naku ni na koya masa ɗaura fayil. Ni sau nawa aka tura ni? Wai ba ni da takardar sakandare. Ke kaɗai kika iya karanta rubutuna. In kin tafi, wa zai rage?"

"Ƙannen bayana a ofis sun wuce ni da mataki uku. Wannan shi ne dalilinka?"

"Ban ce dalili ne mai kyau ba. Tambaya kika yi."

Na jira ko zai ƙara wata kalma. Ya rufe ido ya ce in zo gobe ƙarfe bakwai, kuma in sayi biro mai kyau, wannan yana zuba.

Maigidana ya ce kada in koma. "Mutumin da ya danne ki shekara da shekaru? Ki bar shi ya tafi da allinsa." Na ce ba don shi zan koma ba. A makon da ya wuce wata tsohuwa ta zo ofis karo na biyar neman takardar gidan mijinta, 'yan'uwansa suna shirin fitar da ita, na sake ce mata ta dawo.

Kwana huɗu na yi ina zuwa. Da safe ya faɗa, da rana in sauka in gwada, kuma yanzu komai yana fitowa daidai. Bai fasa zagi ba. In na tambaye shi abu sau biyu sai ya ce kunnena na ado ne. In na rubuta da sauri ya ce kaza ta fi ni hannu. Ni ma ban raga masa ba. Na ce masa tsarin nasa tsarin ɓarawo ne, wanda ba ya son kowa ya san inda ya ajiye kaya.

"Amma ruwa ya taɓa ci? Gara ta taɓa ci?"

"Kai ka cinye."

Kullum maganarsa tana raguwa. Ranar farko muka gama layi guda da rabi, rana ta huɗu da ƙyar muka rufe layi na huɗu, yana faɗin kalma biyu yana hutawa. A layi na uku na sami takardar tsohuwar nan. Da na gaya masa, cewa ya yi, "To sai me? Aikinki ne."

Rana ta biyar na shiga da littafina, na tarar an kashe injin iskar. Ɗakin ya yi tsit, 'yar tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

"Yanzun nan, Anti. Ina haɗa masa ruwan wanka."

"Ya ce wani abu?"

Ta ɗago ta dube ni, kamar tana shawarar ko ta faɗa.

"Ya ce kin makara."

Na dubi agogon bango. Bakwai da minti goma. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta, ita tana kuka, ni ina kallon tafin ƙafarsa da ya leƙo daga bargo. Na nemi hawaye ban samu ba. Abin da ke raina layi biyar ne, kwali dubu biyu da wani abu.

A wurin zaman makoki Darakta ya yi jawabi, ya ce an yi rashin uba, rumbun ilimi ya rushe. Na tashi na shiga wurin mata don kada bakina ya suɓuce.

Ranar rufe kwas aka jera kujeru a babban ɗaki, aka kira sunaye goma sha takwas, kowa ya karɓi takardar shaida aka ɗauki hoto. Ba a kira ni ba. Malamar ta same ni a baranda.

"Yaya, wallahi na yi ƙoƙari. Doka ce, sai wanda ya halarci kwana tara cikin goma. Ke huɗu kika yi."

Na juya wurin Darakta. "Ranka ya daɗe, kai ka ce in je."

"Ai ba ni ke ba da takardar ba," ya ce, yana duba waya. "Za a sake wani, in an samu hali."

Na bar su suna tafi, na sauka ɗakin ƙasa na kunna fitila. Na wuce layi huɗun da na sani, na ja tsani zuwa na biyar, na sauke kwali na farko na ɗora a tebur. Fayil goma sha biyu ne a ciki, kowanne ɗaure da farin zare, ƙullin ya shige ciki har ba a ganin bakinsa. Akwai almakashi a cikin kayan da aka raba mana a kwas, yana jakata. Na jawo kujera na zauna, na sa farce ina neman bakin zaren.