Gurbi Talatin a Zauren Madugu

"Baba Audi, da kai nake magana."

Audi magini bai ɗago ba. Ya matsar da ɗan karansa gurbi ɗaya, ya ce wa abokin wasansa, "Okafor, taka mana. Ko kai ma da kai ake maganar?"

Okafor mai kayan gyaran mota ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A ƙofar shagonsa suke zaune, su shida, ƙarƙashin rumfar kwano mai zafi kamar tanda, suna dara a kan ƙasar da ta sha baƙin mai. Malama Siddiƙa, jami'ar da ke kula da gidan tarihi na Madugu Jatau, tana tsaye a rana, ba wanda ya ce mata ga wuri. Ai ita ta koya musu haka.

Ga gidan can tsallaken hanya, ginin ƙasa mai soro, wanda kakan Audi, Munzali, ya gina wa madugun fatake tun kafin jirgin ƙasa ya kashe fatauci. Ko bayan da aka mayar da shi gidan tarihi, zaurensa bai daina zama na unguwa ba. Nan ake raba goron suna, nan ake sulhunta masu faɗa, nan dattawa suka haƙa gurbin dara talatin a daɓen ƙasa, har gefen guraben ya yi santsi don shan hannu. Baƙin da suka ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu in sun biyo, sai su tsallake ƙafafun mutane su shiga kallon sirdi da tulunan madugu. A madadin haka, duk shekara kafin damina unguwa kan yi gayya ta yaɓe soron, mata su dafa, Audi ya ja gaba.

Wata huɗu da suka wuce aka turo Siddiƙa. A makonta na biyu, gaban 'yan makaranta da suka zo ziyara, ta sa aka kwashe tabarmin dattawa aka zube a waje, ta ce nan gidan tarihi ne, ba tasha ba. Washegari aka malale daɓen da siminti, gurabe suka tafi, aka ja igiya aka kafa teburin tikiti. Audi bai manta yadda ya sunkuya ya ɗauki buzunsa daga bakin kwata yara suna kallo ba. Shekararsa sittin da takwas, wallahi ba a taɓa yi masa irin wannan ba.

"Soron yana yoyo," in ji Siddiƙa. "Ruwan shekaranjiya ya shiga. Tun jiya nake tara bokiti."

"To, Allah ya kyauta," in ji Kalilu tela, wanda ya fi kowa zafi a majalisar. "Ina 'yan simintinki? Ba su kika ɗauko daga Katsina suka shafe rufin ba, da muka ƙi zuwa?"

"Sun ce sai mako mai zuwa."

"Sai ki gaya wa hadari ya jira su."

Aka fashe da dariya. Audi bai yi ba. Tun ranar da ya hangi leburori suna hawa da buhunan siminti ya san za a rina. Siminti a kan ƙasa ai kara da kiyashi ne: ya tsage, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin azara, itacen giginyar da ke riƙe da rufin. Ya sani, ya yi shiru. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Okafor ya karkaɗe hannu ya dube ta. Hausarsa ta Daura ce, shekara ashirin da shida ba wasa ba. "Malama, kin tuna abin da kika ce mini? Kika ce ni meye nawa a tarihin gidan nan. A zauren nan mutanen nan suka zauna mini zaman makoki da babana ya rasu a gida. Kwando nawa na ɗauka na yaɓen soron nan, ban san iyaka ba. Yau kin zo ƙofar shagona."

"Ba wurinka na zo ba."

"Ka ji ko!" Kalilu ya miƙe. "Roƙo ta zo yi, amma hanci a sama. To ki ji da kyau: duk wanda ya taka gidan nan a cikinmu, ya fita daga majalisa. Gidan ya rushe mana! Mu ga abin da za ki sayar wa tikiti."

Siddiƙa ta gyara mayafinta. Ba ta kula Kalilu ba, Audi ta duba.

"Baba, ba zan ba ka haƙuri ba, don aikina na yi. Amma ka sani, in soron nan ya faɗi, ni canjin wurin aiki kawai za a yi mini. Kai kuwa a nan za ka zauna, kullum ka fito ka ga kufan kakanka."

Ta juya ta tsallake hanya.

"Marar kunya," in ji Kalilu.

Audi ya ce, "Taka, Okafor." Amma hannunsa ya ɓata. Sau uku a jere Okafor ya ci shi, shi da ba a taɓa yi masa biyu ba. Yarinyar nan ba ta da ladabi ko na kobo, ga shi kuma ta faɗi gaskiya, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Da aka idar da azahar bai koma rumfa ba. Ya ce zai leƙa gida, sai ƙafarsa ta bi ta bayan gidan Madugu. Daga gabas sama ta fara haɗe rai. Ya dafa bangon soron, ya ji shi da sanyi, sanyin da bai kamata ba. Ya ɗaga kai ya ga indararo biyu, bakinsu cushe da siminti. Wawaye! Sun toshe wa ruwa hanya suna ganin ado suka yi.

Ya zagayo ya shiga zaure ba sallama, ya tsallake igiyar. Siddiƙa ta miƙe daga teburinta. A cikin soron bokiti uku ne a jere, ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis. Can ƙololuwa inda bakunan ginin, lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, suka haɗu, akwai shaidar tafin hannun Munzali, wanda ya danna a ɗanyar ƙasa ranar da ya gama aiki. Audi yana ɗan shekara bakwai ubansa ya ɗaga shi a kafaɗa ya nuna masa. Yanzu damshi ya zagaye hannun, babban yatsa ya riga ya zube.

Siddiƙa ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofar soron.

"Akwai tsani?" ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba.

"Akwai."

"Guduma fa?"

Ƙarar fasa siminti ce ta fito da 'yan majalisa. Suka tsaya a bakin hanya suna kallon tsoho a kan rufi, ya naɗe wando, yana dukan siminti kamar mai dukan ɓarawo. Ɓawon yana ɓarewa falle-falle, ƙarƙashinsa ƙasa jiƙe sharkaf.

"Audi!" Kalilu ya ɗaga murya. "Ka sayar da mu! Yarinya ta watsar maka da buzu a kwata, yau kai ne lebura a gidanta? Tir! Ashe girman naka na gemu ne kawai."

Maganar ta shige shi, don abotarsu ta fi shekara hamsin. Ya tsaya da guduma a hannu.

"Ba gidanta ba ne, Kalilu."

"To na ubanka ne?"

"Ginin uban ubana ne, ka sani sarai. In ka gama zagin ka matsa, kada ɓaraguzai su fasa maka kai." Ya juya. "Okafor! Je ka bayan gidana da baro. Akwai kwaɓaɓɓiyar ƙasa a rufe da buhu, da makubar ɓawon ɗorawa a ciki. Kwaso ta duka."

Okafor ya riƙe ƙugu. "Wacce? Wadda ka kwaɓa mako biyu da suka wuce, ka ce ta gyaran katangarka ce?"

"Ita."

"Audi, katangarka ta bulo ce."

"Za ka je ko surutu za ka yi?"

Okafor ya girgiza kai, ya tofar da yawu wajen ƙofar gidan don Siddiƙa ta gani, sannan ya tafi. Da ya dawo, har da tampol ɗin da yake rufe injinan shagonsa. Mutum biyu suka bi shi suna miƙa kwando, suna gunaguni. Kalilu da ɗayan suka koma rumfa suka ba gidan baya.

Siddiƙa ta ɗauki kwando ita ma. Audi ya leƙo daga sama. "Ajiye. Ba a sa hannunki a ƙasata ba." Ta ajiye, ta koma ta tsaya a gefe tana cizon leɓe.

Ya buɗe indararo, ruwan da ya kwana biyu a kwance ya tsiyaye baƙi ƙirin. Ya cusa ƙasa a tsagar, ya danne da dunduniya, suka ja tampol suka danne gefensa da ɓaraguzan simintin nata. Iska ta taso da la'asar. Audi yana sa ƙafa a matakin tsani na ƙarshe ruwa ya kece.

Suka fake a zaure, jiƙe. Audi ya shiga soron ya tsaya. Indararo suna ta amai a waje, a ciki kuwa ɗigon ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Yatsu huɗu na Munzali suna nan. Ya share fuskarsa da hular, ya fito.

Ƙasa ta ragu rabin baro. Audi ya tura baron har tsakiyar zauren, ya kifar da shi a kan simintin Siddiƙa.

"Baba! Me ke nan?"

Audi ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya baje ƙasar da tafin hannu, ya daɓe ta da kauri. Sannan ya juya ƙotar guduma ya fara danna guraben dara: ɗaya, biyu, uku, shida a layi. Okafor ya gane, ya tsuguna yana gyara masa gefe. Daga tsallaken hanya, cikin ruwan, Kalilu ya taso ya tsaya a bakin rumfa yana leƙe.

"Wannan ɓarna ce a kayan hukuma," in ji Siddiƙa. "Wallahi gobe sai na sa an kankare shi."

"Kankare, Malama." Audi ya danna na goma sha tara. "Abin da na yi a sama toshiya ce, ba za ta wuce ruwa uku ba. Yaɓen gaske yana nan, aikin mutum ashirin ne, kuma ba su zuwa inda ba su da wurin zama."

Ta dubi igiyarta da ta faɗi cikin taɓo, ta dubi ƙofar soron. Ba ta sunkuya ta ɗauki igiyar ba.

"Baɗi ma akwai damina," in ji Audi, ya ci gaba da layi na huɗu.